Dundumin Mamuda

Mamuda Gide ɗan Ƙetare ne ta ƙasar Ƙanƙara. Ni kuma sunana Sha'ibu, mutumin Mairuwa ta Faskari. Ba mu san juna ba sai da jami'a ta haɗa mu ɗaki ɗaya da aji ɗaya, a sashen lissafi da ƙididdiga, cikin shekarar 2017. Ranar da na shiga ɗakin da akwatina a ka, na tarar da wani dogo siriri ya riga ni kama gadon bakin taga, yana zaune da ledar ƙuli-ƙuli a cinya. Na yi sallama. Da ya ji harshena sai ya ce, "Ashe na gida ne. Aje kayan ka zo ka ci."

Mahaifinsa Malam Gide manomi ne, gero da dawa da ɗan masara. Mahaifiyarsa Inna Safara'u. Malam Gide da Inna 'ya'yan wa da ƙane ne, gida ɗaya suka tashi, kuma duk Ƙetare an san zamansu na lafiya ne. 'Ya'yansu huɗu: Mas'ud babba, sai Mamuda, sai wata da ke aure a Sabuwa, sai auta Mansura.

Tun yana ɗan shekara takwas Mamuda ke da dundumi. Da rana lafiyarsa lau, amma rana na faɗuwa sai ya fara lalube. Inna ta gasa masa hanta har ta gaji, abin bai tafi ba, sai kowa ya saba. Yara su fita wasa bayan sallar isha, shi yana gida a kan tabarma. Ya ce mini a nan ya koyi lissafi, don ba shi da abin yi sai jujjuya lambobi a ka.

Kafin ya gama firamare manoman unguwarsu sun fara kiransa gona idan gero ya nuna. Zai tsaya a bakin gonar ya juya baya, ya jefa tsakuwa ta bisa kansa, kunyar da ta faɗa ita zai ƙirga zangarniyarta. Ya yi haka sau biyar ko shida, ya auna gonar da taku, sannan ya faɗi dami nawa za a ɗaure. Da wuya ya kuskure da fiye da dami biyu. Idan mai gona ya ja shi wajen da ya fi kyau, sai ya ƙi, ya ce tsakuwa ba ta son kai. Tsofaffi su yi dariya su ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

A shekararmu ta biyu wani malaminmu, Dakta Muhammad Auwal, ya zo darasin yadda ake ɗibar kaɗan a gane yawa, da dalilin da ya sa bai kamata mai bincike ya zaɓa da son ransa ba. Mamuda ya zungure ni da gwiwar hannu, bakinsa har kunne. "Sha'ibu, ashe abin yana da suna! Har da hujja!"

Hujja ita ce abin da ya fi so. Mu da yawa mun shigo da tunanin lissafi shi ne a ba ka tambaya ka fitar da amsa. A jami'a sai muka tarar amsar ba ta isa ba, sai ka nuna dalilin da ya sa dole ta zama haka, mataki bayan mataki, kamar mai ba da shaida gaban alƙali. Wannan ya karya gwiwar mutane da yawa, har da ni, da ma ban nemi lissafi ba, aikin injiniya na nema ban samu ba. Shi kuwa kamar an saki kifi a ruwa. Kowace Asabar da safe yakan tara mu gindin wata darbejiya a bayan sashenmu, da ɗan allon katako da ya roƙo wurin masu gadi, ya sake koya mana da Hausa abin da aka yi cikin mako. Shekara biyu a jere shi ne na ɗaya a ajinmu. Dakta ya faɗa masa a gabana cewa idan ya riƙe haka, sashen zai riƙe shi ya koyar. Burinsa ke nan. Yana so ya koyar, ya kuma yi bincike kan amfanin gona a ƙasarsu, don ya ce duk alƙaluman da ake faɗa a rediyo game da noman Katsina bai ga wanda ya taɓa zuwa Ƙetare ya ƙirga ba.

A shekara ta uku abubuwa suka fara canzawa, ni kuma ban gane ba. Wata rana muka gamu da Dakta a ƙofar ofishinsa. Mamuda ya rusuna yana gaishe shi, yana kallon fuskarsa. Dakta ya miƙo hannu. Hannun ya tsaya a iska har kunya ta kama ni, sannan ya mai da shi aljihu, ya amsa gaisuwar a daƙile ya shige.

Da muka sauko na ce, "Kai wane irin girman kai ne ya same ka? Babban mutum ya ba ka hannu ka ƙyale shi?"

Ya tsaya cak. "Wane hannu?"

Na ɗauka wasa yake yi. Sai jarrabawar zangon ta zo. Akwai wata takarda da ake ba mu jadawalin lambobi, layi-layi a tsaye da a kwance, sai ka bi da yatsa ka nemo inda suka haɗu. Mamuda ya ce mini da ya bi layin sai kan jadawalin ya ɓace masa, idan ya koma ya nemo shi sai layin ya ɓace. Tambaya guda kuma da aka buga a gefen takardar bai ma san tana nan ba. Karon farko da wani ya wuce shi a aji.

A hutun da ya biyo baya babur ya buge shi ranar kasuwar Ƙanƙara, ya karye a hannun hagu. Mai babur ɗin ya yi ta rantsuwa cewa a hankali yake tafiya, kowa ya kauce sai shi. Yayansa Mas'ud ya ce ai lissafi ne ya cika masa kai. Da na je duba shi, muna mu biyu a zaure, hannun a ɗaure da kara, sai ya ce, "Sha'ibu, ban ga babur ɗin ba. Abin da ke gabana ina ganinsa tar, ko allura ce. Amma gefe da gefe babu. Kamar mai leƙen duniya ta cikin bututu, kuma bututun ƙara tsukewa yake yi."

Da hannun ya warke na raka shi asibitin ido a Kaduna. Aka ɗiga masa magani, aka sa shi gaban na'urori, aka kai mu wurin wata likita dattijuwa mai farin gilashi. Ta zauna daf da shi ta ce ya kalli hancinta kada ya motsa ido, ta ware hannuwanta tana kaɗa yatsu, tana matso da su a hankali, ya faɗa idan ya gan su. Hannuwan suka yi ta tahowa. Sai da suka kusa haɗuwa a gaban fuskarta ya ce, "Na gani."

Ta yi mana bayani ba tare da kwana-kwana ba. Ciwon a can ƙuryar ido yake, a wurin da ke karɓar haske. Dundumin yarintar nan shi ne farkonsa. Tabarau ba ya gyara shi, aiki ba ya cire shi. Yana tafiya a hankali, wani ya daɗe da sauran gani, wani ba ya daɗewa. Sannan ta tambaya, "Iyayenka 'yan uwan juna ne?"

Ya ce, "Ɗan wa da ɗiyar ƙane."

Ta gyaɗa kai. "Gadonsa ake yi. Uwa da uba suna iya ɗauke da shi su duka bai taɓa nunawa a idonsu ba. To kowane ɗa da za su haifa..."

"Ɗaya cikin huɗu," in ji Mamuda.

Ta dube shi ta saman gilashinta. "Me kake karantawa?"

"Lissafi da ƙididdiga."

Ta ce Allah ya ba shi haƙuri, kuma ya kawo 'yan uwansa a duba su idan da hali.

Muka kamo hanya daga Kaduna har Funtuwa. A shekarun nan ba a bin hanyoyinmu da yamma saboda 'yan bindiga, don haka muka sauka gidanmu a Mairuwa. Bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida ya ce, "Zan faɗa masu ba ya da magani. Amma zancen gado ka bar shi tsakanina da kai. Inna ba za ta ji gado ba, abin da za ta ji shi ne ita ta yi mani." Ya sa na yi masa alkawari.

Malam Gide bai yarda akwai ciwon da ba ya da magani ba. Ya ɗauke shi har Sabuwa wurin wani mai maganin gargajiya, aka ba su tozali da hayaƙi da abin wanke fuska. Mamuda ya yi duk abin da aka ce. Na tambaye shi don me, shi da ya ji daga bakin likita. Ya ce, "In na ƙi, Baba zai ga kamar bai yi mani komai ba."

Aka rufe jami'o'i saboda annoba, aka daɗe a gida. Da muka dawo don shekarar ƙarshe bututun ya tsuke sosai, tsakiyar ma ta fara hazo. Ni na zama idonsa. Bayan lakca sai in karanta masa abin da na rubuta, shi kuma ya riƙe a ka, sau da yawa ya tsai da ni ya ce, "Koma, ka kwafo ba daidai ba, can ragewa ce ba tarawa ba." Kuma in na duba littafin wani sai in ga gaskiyarsa. Haka ya ci gaba da koya mini abin da ni nake karanta masa. Amma akwai abin da baki ba ya iya ɗauka. Zanen da layuka ke hawa da sauka, ko lambobi talatin da shida da aka jera murabba'i ana so ka gan su gaba ɗaya, waɗannan sai ido. Ya daina zuwa gindin darbejiya. Allon katakon ya zauna a bayan ƙofarmu har gara ta ci ƙafarsa.

Na je na yi wa Dakta bayani, har da zancen hannun da ya miƙa. Mutumin ya dafe kai ya ce, "Innalillahi. Shekara biyu ina riƙe da yaron nan a raina." Shi ya tsaya aka ƙara wa Mamuda lokaci a jarrabawa, kuma don kyautatawa ya sa aka buga masa takardarsa da manyan haruffa, kowace lamba kamar babban yatsa. Babu wanda ya tambayi Mamuda. Mai leƙe ta bututu ƙananan rubutu ya fi yi masa sauƙi, don yana ganin layi rabi a lokaci ɗaya. Da manyan haruffa sai ya koma ganin lamba ɗai-ɗai. Ina hango shi daga inda nake zaune, yana yawo da kai bisa takardar kamar kaza mai tsintar tsaba. Bai ɗaga hannu ba. Da muka fito na ce me ya hana shi magana, ya ce, "Mutum ya yi maka alheri a gaban jama'a, ka ce mashi ya ɓata?"

Ya faɗi darasi biyu. Ni da yake ja a karatu kamar akuya na fita da sakamako mai kyau, na tafi bautar ƙasa. Shi ya maimaita shekara shi kaɗai, cikin ɗaliban da ba su san ko shi wane ne a da ba. Ya gama, amma da digiri mai daraja ta uku. Dakta da kansa ya kira shi a waya ya ce ƙa'ida ba ta bari a ɗauki mai wannan sakamako koyarwa, ya yi ta ba shi haƙuri har Mamuda ya koma shi ke lallashinsa.

Ya dawo Ƙetare. Wata makarantar sakandare ta al'umma a Ƙanƙara ta ɗauke shi yana koyar da lissafi. Mas'ud ke kai shi a babur da safe ya ɗauko shi da azahar. Yakan tsaya gaban aji ya faɗa, ɗalibai su rubuta a allo. Ni kuma na samu koyarwa a Funtuwa. Na ɗauka iyakar abin ke nan, kuma na ga ya fara sabawa, har dariyarsa ta dawo.

Abin da ke riƙe da shi a lokacin Mansura ce. Shekararta goma sha bakwai, tana ajin ƙarshe na sakandare, kuma kanta irin nasa ne sak. Ta kwashe tsofaffin littattafansa na jami'a tana bi, tana zuwa ta zauna gefensa su yi ta gardama kan hujja har Inna ta ce su tashi abinci ya huce. Yakan ce mini, "Wagga ta fi ni. Ni na daɗe ban gane abin da take ganewa a zama ɗaya ba."

Da kaka na kai masu ziyara. Ana kiran magariba muna tsakar gida, Mansura ta fito daga madafi da kwano, ta yi karo da turmi, kwanon ya kife. Inna ta ce, "Ke dai rawar kai gare ki. Turmin ga tun safe yake nan." Kowa ya yi dariya. Mamuda bai yi ba. Na ga ya ajiye butar da ke hannunsa a hankali.

Da safe ya ja ni bayan gida wajen rumbuna. Ya ce, "Karo na uku ke nan cikin mako ɗaya, kuma duk da magariba. Ka tuna abin da likita ta yi mani da yatsu? Ka yi mata. Ni ba zan ga inda hannunka ya kai ba."

Na ce ƙila rawar kan ce da gaske. Ya ce, "Sha'ibu, ka yi."

Muka mai da shi wasa. Na fara da Mas'ud. Ina ware hannuwa, tun ban fara matso da su ba ya ce ya gani. Sai Mansura ta zauna a gabana tana dariya, ta gyara mayafi, ta kafe hancina da ido. Na kaɗa yatsu. Shiru. Na matso. Shiru. Na ƙara matsowa, ina roƙon Allah a zuci. Sai da hannuwana suka wuce kafaɗuna zuwa ciki ta ce, "Ga su nan! Na ci?"

Na ce, "Kin ci."

Da muka koma wajen rumbuna ya ce, "Ina suka kai?" Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Amma na kasa. Sai na kama hannuwansa biyu na ɗaga su, na ajiye su daidai inda nawa suka tsaya. Ya bar su a nan, yana auna tazarar da jikinsa. Sannan ya jingina da rumbu ya zame har ƙasa. Ranar da aka faɗa masa nasa ciwon bai yi kuka ba. Ran nan ya yi, ya toshe baki da hularsa don kada a ji a cikin gida.

Mas'ud ya kai ta Kaduna, aka tabbatar. Ita ma ta ji zancen gado daga bakin likita, ita ma ta ɓoye wa iyayen. A gida aka ce dundumi ne irin na yayanta.

Rigima ta tashi tsakanin Mamuda da Mansura lokacin cike takardar neman shiga jami'a. Ba na wurin, amma su biyun kowa ya ba ni labari, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Mansura ta ce ta rubuta lissafi. Mamuda ya ce ta canza, ta nemi Hausa ko Larabci ko shari'a, abin da kunne zai iya ɗauka idan ido ya tafi.

Ta ce, "Yaya, kai da bakinka ka ce na fi ka."

"Shi ya sa. Ba na son ki ga abin da na gani. Ki hau har sama, sannan ki zauna gaban takarda kin san amsa ba ki ganin tambaya."

"Likita ta ce wani yana daɗewa."

"Wani. Ba ta ce ke ba."

"Kuma ba ta ce ba ni ba. Kai ka samu shekarunka, ka ji daɗinsu, kullum zancensu kake yi. Ni nawa kake so in bayar tun ban taɓa su ba?"

Murya ta yi sama. Inna tana bakin murhu tana tuƙa tuwo, ba su lura da ita ba. Mamuda, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ce, "Ke ba ki ji ne? Ciwo ɗaya ne, jini ɗaya ne! Daga Baba da Inna muka ɗauko shi, yadda ya ci ni haka zai ci ki!"

Suka ji muciya ta faɗi.

Inna ta ce, "Mamuda, mi ka ce?"

Shekara huɗu yana riƙe da maganar, ya sa ni alkawari, ya sha tozali da hayaƙi a kanta, sai ga shi da bakinsa ya sake ta. Ya yi ta bayani, ya ce ba laifin kowa ba ne, babu wanda ya sani, gidaje nawa aka yi irin auren ba abin da ya faru. Inna ta saurara har ya gama. Ta ce, "Ashe a nonona kuka sha." Ya ce ba haka ba ne. Ta ɗauki muciyar ta wanke, ta ƙarasa tuwon.

Kwana biyu bayan haka ta zo ƙofar ɗakinsa ta durƙusa, uwar da ta haife shi, ta ce ya yafe mata. Ya laluba ya kama hannuwanta yana roƙonta ta tashi. Har yau ba ta karɓi maganarsa cewa ba laifinta ba ne. Ta daina zuwa biki da suna, ta rame, kuma duk jikan da aka kawo mata sai ta ɗaga shi wajen haske ta daɗe tana duban idonsa.

Mansura ba ta canza takardar ba. Ta samu shiga, sashen da muka yi. Tun daga ranar rigimar tsakaninta da yayanta sai gaisuwa. Ta ce mini ba hana ta karatu ne ya fi yi mata zafi ba, abin da ya yi wa Inna ne. Na ce bai yi da gangan ba. Ta ce ta sani.

Malam Gide bai taɓa ta da zancen da 'ya'yansa ba. Ni ya tara. Wata rana ya rako ni bakin hanya, yana tafe da hannuwa a baya, sai ya ce, "Sha'ibu, kai ma ka yi karatun nan. An ce ɗaya cikin huɗu. Ni huɗu gare ni. Ya aka yi biyu?"

Na ce, "Baba, ba rabawa ake yi ba. Kowane ɗa da nasa rabon daban, na farko bai rage wa na biyu komai. Wani gidan huɗun duk su tsira, wani gidan ya kama biyu ko uku. Sai an tara gidaje da yawa sannan lissafin yake fitowa daidai."

Ya ce, "To. Gidaje da yawa." Ya yi mini addu'ar sauka lafiya ya juya.

Yanzu Mamuda haske da duhu kawai yake bambancewa, sai inuwar mutum idan rana ta yi ƙarfi. Yana nan yana koyarwa, kuma ɗalibansa suna cin jarrabawa. Watan jiya Mansura ta biyo ta Funtuwa ta ba ni takardar sakamakonta na shekarar farko, ta ce in zan je Ƙetare in tafi da ita. Na ce ta kai da kanta mana. Ta ce tana da aiki a makaranta.

Na same shi a zaure bayan azahar. Na ce ga saƙo daga Mansura. Ya gyara zama. Na karanta masa darasi bayan darasi, da makin kowanne. Ya ce in sake. Na sake. Yana motsa leɓe, kafin in kai ƙasan takardar ya riga ya fitar da jimillar, kuma daidai da abin da aka rubuta.

"Ta wuce nawa na shekarar farko," ya ce. Ya yi murmushi, murmushin bai daɗe ba.

Na ce, "In kira maka ita?"

"A'a. Rubuta mata dai." Na fito da waya. Ya ce, "Ka ce, Mansura, na ji sakamako..." Ya tsaya. "Goge. Ka ce, ƙanwata, abin da na faɗa ran nan..." Ya sake tsayawa, ya daɗe, yana murza bakin tabarma da yatsa. Daga cikin gida muna jin Inna tana kiran kaji.

A ƙarshe ya ce, "Ka ce mata ta daina zama a bencin gaba. Ta koma can baya. Daga nesa allo ya fi shiga ido gaba ɗaya."

Na rubuta na aika. Na zauna da shi har la'asar, wayar tana hannuna. Amsa ba ta zo ba kafin in tashi.